Jinin Saniyar Aro

Karofane, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Mukhtar, ɗakin awon dabbobi, Madawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Inna Hajo da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya ragu? Ni lafiya lau, na fara sabawa da wurin aiki. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro, mutane duk sun watse gonaki.

Za ku ce don me ban kira ba. Nan rezon waya sai an hau tudun bayan lakwal, makarantar gari, shi ma rabin magana yake kaiwa. Shi ya sa na liƙa takardar a murfin gilasiyar, akwatin sanyin da shofer zai ba ku.

A cikinta akwai kwalaben jini na shanun wani makiyayi mai suna Sanda, rugarsa na gabas da gari. Shanunsa na ta ɓari tun bara. Ina zaton cutar ɓari ce, wadda makiyaya ke kira bakkale, amma kun hana ni faɗin sunan cuta kafin a auna.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi wata saniya ce, Saige. Ba tasa ba ce. Amininsa Sadiƙ, da ke kiwo wajen Keita, shi ya ba shi ita habbanaye: za ta zauna hannunsa har ta haifi maruƙa uku, maruƙan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ita ta fara yin ɓari, sauran suka biyo baya. Yanzu a bakin tabki mutanen gari na cewa Sadiƙ ya san ba ta da lafiya, ya rabu da ita da sunan alheri. Maigari ya ce wa Sanda ko ya maida ta, ko ya daina kawo shanunsa tabkin gari. Maida saniyar habbanaye kafin lokacinta kuwa zagi ne a wurinsu, zumuncin ya mutu ke nan. Na roƙi maigari ya dakata har sakamako ya fito, ya yarda.

Kwalbar da na ɗaura wa jan zare ita ce ta Saige. Na kula da su sosai, Kawu. Na sayi ƙanƙara mai yawa na cusa su tsakiyarta don kada zafi ya ɓata su.

Ku gaida Inna da kyau.

Ɗiyarku,
Najiba

Madawa, ranar Laraba

Ɗiyata Najiba,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun ji daɗi. Innarki ta samu sauƙi, har ta fara zuwa kasuwa da ƙafarta duk da an hana ta. Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa kwana cikin sange saboda sauro.

Yanzu maganar jini. Bai aunuwa, na zubar da shi duka. Ga dalili. Abin da muke aunawa ba jinin ne gaba ɗaya ba, ruwansa ne, wanda ke tasowa sama idan jinin ya yi guda, garau, launin man gyaɗa. Shi muke ɗigawa a farin faranti, mu haɗa da maganin awo mai ruwan hoda, mu duba ko zai yi tsaki-tsaki. Wanda kika aiko ya iso ja wur kamar zoɓo, don ƙwayoyin jinin sun farfashe sun rine ruwan, kuma cikin irin wannan ja ba a ganin komai. Abu biyu suka fasa su: ƙanƙarar da ta taɓa kwalaben, da girgizar hanya. Daga ruga zuwa tasha a bayan moto mai ƙafa biyu, daga tasha zuwa nan kan duwatsunmu.

In za ki sake ɗiba, ki jingine kwalaben a karkace cikin inuwa, gefen randa, kada kowa ya taɓa su har ruwan ya rabu da gudan. Ki tsotse shi da sirinji mai tsabta ki zuba a wata kwalba. Shi kaɗai za ki aiko, da tsumma tsakaninsa da ƙanƙara.

Zan tsaya nan. Shofer na ta danna oda a ƙofa, kuran kuma ya ɗauke, ba wuta, injin juya jininmu ya tsaya da aikin wasu a cikinsa. Gaskiya irin wannan aiki ba zai yiwu a ci gaba da shi ba. Zan yi magana da shugaban serwis ɗinmu na dabbobi.

Kawunki,
Mukhtar

Madawa, ranar Juma'a

Ɗiyata Najiba,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu nan lafiya, sai ƙaninki Walid da ya yi zazzaɓi, ya kuma warke. Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ga gilasiyarki ba, ban ga takarda ba. Na kira, wayarki ba ta shiga. Shofer ya ce motarsa ba ta kai Karofane yanzu, ƙorama ta cika, don haka na ba wani mai moto wannan, Allah ya sa ta iso. In ba ki da lafiya ne ki aiko a faɗa mana. Innarki ta fara cewa ni na tura ki daji.

Bari in ba ki labarin abin da nake ciki. Tun ranar da na zubar da kwalabenki abu ɗaya ke cina. Injin juya jini guda ɗaya gare mu, yana nan Madawa, sai da kuran yake aiki, shanun kuwa suna can. Aikinsa kawai ya wulwula kwalabe da ƙarfi, mai nauyi ya koma ƙasa, ruwa ya tsaya sama, cikin ɗan lokaci. Da a ruga ake raba ruwan, da hanya ba ta ɓata komai ba. Na faɗa wa shugaban serwis, ya ce ya ji, zai rubuta wa manyanmu na garin Tawa. Ni kuma na shiga magaza, ɗakin ajiyarmu, na tono wani tsohon inji na hannu, irin wanda muka koyi aiki da shi muna ɗalibai. Kansa mai ɗaukar kwalabe huɗu lafiya lau yake, haƙoran cikinsa ne suka cinye.

Na kai wa Aƙilu mai walda, na bakin tasha. Ya jujjuya shi ya ce, "Likita, wanga na markaɗen mi ne?"

Na ce, "Na jini."

Ya ce, "To ni ban markaɗa jini, ka kai mahauta."

Da na yi masa bayani sai ya ɗauko sarƙar keke da faifanta, babba da ƙarami, ya haɗa masa hannun murzawa. Gwajin farko da ruwa muka yi. Ya sa kwalba ɗaya tilo don ya ga gudu, kafin in ce a sa ta biyu daura da ita har ya murza. Injin ya hau rawa, kwalbar ta fita kamar dutsen majajjawa, ta fasa masa kofin shayi.

"Likita, kofi ɗaya gare ni!"

Na ce, "Ai kwalba ɗaya ka sa."

Daga nan muka ga dole a rufe shi, don in da jinin cuta ne a kwalbar da ba kofi kaɗai za a yi wa kuka ba. Mun fasa gindin wata tukunyar alminiyom muka zaunar da kan injin a ciki, da murfinta. An yi masa maƙalli, yana kama tebur, yana kama turmi in an kife shi. Jiya na karɓo jinin akuya daga mahauta na gwada. Najiba, ruwan ya fito garau, kamar na babban injin! Na kai gida na nuna wa Innarki, ta ce in fitar mata da shi daga wurin girki.

Saura ƙara, yana da ita sosai, hannun kuma yana zamewa. Muna kai.

Ina labarin Sanda da saniyarsa? Ki rubuto ko layi biyu ne.

Kawunki,
Mukhtar

Karofane, ranar Litinin

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna, a yi wa Walid sannu. Lafiyata ƙalau, ku kwantar da hankalin Inna.

Ƙorama ta cika, gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ta hana ni rubutu ba. Da na karanta inda kuka ce irin wannan aiki ba zai yiwu a ci gaba da shi ba, kuma za ku yi magana da shugaban serwis, na ɗauka nawa aikin kuke nufi. Na naɗe takardar na kasa amsawa. Kullum ina jiran a kira ni wurin shugabannina na Buza a yi mini faɗa. Sai da ta biyu ta iso, a jiƙe, na gane da inji kuke faɗa, ba da ni ba. Na yi dariyar kofin Aƙilu ni kaɗai a ɗakin aiki.

Na koma rugar na sake ɗiba. Sanda da kansa ya riƙa kama mini shanun, da na ce Saige ya jawo ta, ja mai farin goshi, kamar wancan karon. Na jingine kwalaben gefen randar matarsa Maimuna yadda kuka ce. Daga hantsi har la'asar ina zaune ina korar kaji da yara. Wasu sun rabu da kyau, wasu gudan ya manne ya ƙi sakin ruwa, biyu kuma sirinji ya taɓa gudan wajen tsotsewa suka yi ja, na zubar. Ta Saige ta yi kyau, ga ta nan da jan zarenta.

Maigari ya fara ƙosawa. Sanda ya daina zuwa tabkin gari da kansa don kada a yi masa magana, yana kai shanun wasu kududdufai masu nisa, waɗanda za su ƙafe da zarar ruwa ya ɗauke. Don Allah ku auna da wuri.

Ɗiyarku,
Najiba

Madawa, ranar Alhamis

Ɗiyata Najiba,

Wa alaikumus salam, alhamdu lillahi da muka ji daga gare ki. Kowa lafiya. Innarki ta karanta takardarki ta ce daga yau kada in sake rubuta wa kowa wasiƙa shofer na tsaye. Na karɓa.

Ruwan jinin ya iso tsab, wannan aikin ƙwararru ne. Na auna. Zatonki ya yi daidai, bakkale ce, ta fito a kusan rabin kwalaben, na yi wa kowace alama. Zan aika wani kaso babban ɗakin awo na Yamai don tabbatarwa. Mai jan zare kuwa ba ta nuna komai ba, na maimaita, haka dai.

Abin ya ɗan ba ni mamaki, saniyar da ta fara ɓari ta fito ba komai. Yana faruwa, shi ya sa za ki sake ɗibarta nan gaba. Amma a yau abin da awo ya nuna ke nan, kina iya faɗa wa maigari.

Cutar na kama mutane, kada ki manta. Nono sai an tafasa, musamman na yara. Abin da saniya ta ɓarar da mahaifarsa a binne da zurfi, ba a bar wa karnuka ba, kuma ba da hannu tsirara ba. Shanun da suka nuna cutar a ware su wajen sha. Ke ma ki riƙa sa safar hannu, na ƙara miki wasu a gilasiyar.

Injin ya kusa. Ƙarar ta ragu da muka sa masa robar tayar moto a gindi.

Kawunki,
Mukhtar

Karofane, ranar Asabar

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku da mutanen gida. Ina lafiya. Ku karanta wannan a zaune.

Da sakamakon ya zo na tafi wurin maigari na faɗa masa, gaban mutane, cewa saniyar Sadiƙ ba ta da komai. Ya ce madalla, maganar maida ta ta wuce. Da yamma na hau moto zuwa ruga in kai wa Sanda albishir. Na tarar ana tatsa. Maimuna na tsugune da ƙwarya, ta ɗaga murya ta kira, "Saige!" Sai wata saniya ta ɗago kai ta taho. Baƙa ce, doguwa, gwiwarta ta gaba a kumbure kamar an ɗaura mata ƙoƙo. Tsagar kunnenta ma daban take da ta sauran garken. Ja mai farin goshin tana can gefe tana tuƙa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na ce, "Baba Sanda, wacce ce Saige?"

Ya daɗe yana gyara sandarsa a kafaɗa, sannan ya ce, "Wagga."

"To wadda na ɗiba wa jini har sau biyu fa?"

"Waccan tawa ce. Ita ma saniyar kirki ce."

"Ban ce ba ta kirki ba ce. Saige na ce ku kamo mini."

Ya ce, "Likita, Saige ba tawa ba ce. Kunnenta ban iya tsagawa, ƙahonta ban iya yankewa. In bari a soka mata ƙarfe a wuya mai ita bai sani ba? In ta faɗi, mi zan ce mishi?"

"Ai sai ku faɗa mini."

"Kin taho cikin rana, kan moto, da kayanki. Baƙo ya roƙi abu gidana in ce mishi babu? Na ba ki wadda nike da iko da ita."

Maimuna ba ta ɗago daga tatsa ba ta ce, "Na faɗa mishi, ranar da yarinyar ga ta gane, ni ba ni nan."

Kawu, ban san ko in yi fushi ko in yi dariya ba. Bai ɗauka ya yaudare ni ba, a ganinsa ya girmama ni ya kuma girmama amininsa. Ina kuma zaton akwai tsoro a ciki, don shi ma yana ganin gwiwar nan kowace safiya.

Washegari na koma wurin maigari na janye maganata. Ba daɗi. Wani daga cikin masu zama ƙofarsa ya ce ashe takardar Madawa ba ta san baƙa da ja ba. Maigari ya ce abin ya isa haka, a kira mai saniya.

An aika wa Sadiƙ, ya amsa. Zai zo ranar kasuwar Karofane mai zuwa, yini ɗaya kawai, don garkensa na shirin yin arewa. Ya yarda a ɗibi jininta, amma da sharaɗi: a auna gabansa, ya gani da idonsa. Ya ce ba zai yanke hukunci kan saniyarsa da takardar da ta zo daga garin da bai je ba, balle ga shi takardar ta riga ta wanke wata saniya daban. In ba a yi haka ba, maigari ya ce ranar nan Sanda zai miƙa masa igiyarta gaban jama'a.

Da jingina gefen randa ba zan iya ba, yini zai ƙare, kuma kwalbar na iya ƙin rabuwa. Injin ya gama? Ku aiko mini da shi, da maganin awon.

Ɗiyarku,
Najiba

Madawa, ranar Talata

Ɗiyata Najiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta a zaune, yadda kika ce, sannan na miƙe na zaga ɗakin.

Awon ya faɗi gaskiyar saniyar da aka ba shi. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai yadda ake riƙe kwalba, ban taɓa ce musu su duba kunne su tambayi mai ita ba. Bana zan fara. Komawar da kika yi wurin maigari kuma ita ce daidai, duk da ba daɗi.

Ga injin nan cikin kwali, Aƙilu ya ɗaure shi da kansa. Ki kafa shi a turmi ko tebur mai nauyi. Ki bar jinin ya yi guda tukuna, kamar tsawon shan shayi zagaye biyu, ki zagaye gefen gudan da tsinke mai tsabta. Kullum kwalba biyu daura da juna, nauyi ɗaya. In jini ɗaya ne ki cika ɗayar da ruwa. Ki rufe murfi. A fara murzawa a hankali, a ƙara, a riƙe gudun, sannan a sake shi ya tsaya da kansa, kada a tare shi da hannu.

Maganin awon na cikin gilasiyar, ki fitar da shi ya huce daga sanyi kafin ki ɗiga. Na sa miki ƙananan kwalabe biyu, ɗaya ruwan jinin saniya mai cutar, ɗaya na mai lafiya. Ki ɗiga su gefe da gefe da na Saige, kowa ya ga bambancin da kansa. Ki rage mini kaɗan na Yamai.

Abu ɗaya kuma, shi ne mafi nauyi. Faranti zai iya nuna tana da cutar. Ba zai nuna wa ya kawo ta ba, ko daga Keita ta zo da ita, ko nan ta ɗauka. Za su tambaye ki. Ki ce ba ki sani ba, don ba ki sani ba.

Injin aro na ba ki. Kada ki bari a huda shi ban sani ba.

Kawunki,
Mukhtar

Karofane, ranar Alhamis

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, da Inna, da yara. Ina lafiya, sai gajiya. An yi.

Mun taru ƙarƙashin gawon da ke tsakanin ruga da tabki. Maigari ya zo da mutanensa. Maimuna ta ba da turminta, ta ce in ya tsage serwis zai saya mata sabo. Sadiƙ ya iso da hantsi, dattijo ne siriri, ba ya yawan magana. Suka daɗe suna gaisawa da Sanda, kowa na kallon gefe. Da ya yi wani irin fito, Saige ta ratso garken ta zo ta sa hancinta a tafinsa. Ya shafa gwiwar. Shi ya riƙe mata kai na ɗibi jinin.

Aka sha shayi har ya yi guda. Da na sa kwalaben na rufe murfi, wani ya ce yau likita za ta yi mana tuwo. Sadiƙ ya ce a ba shi hannun, saniyarsa ce, shi zai murza. Ya murza yadda na nuna masa, injin na kuka, turmin bai motsa ba. Da ya tsaya na ɗaga kwalbar sama, ruwan garau, kowa ya gani.

Na ɗiga uku a faranti, na faɗa musu wanne ne wanne, na riƙa karkata shi a hankali. Na mai lafiya ya zauna sumul. Na mai cutar ya yi tsaki-tsaki. Na Saige ya bi shi, har ya fi shi. Na miƙa wa Sadiƙ farantin.

Mutumin nan na ƙofar maigari ya ce, "To, mun faɗa." Maigari ya tsawata masa, ya juyo ya tambaye ni ko daga Keita ta zo da ita. Na ce ban sani ba, farantin bai nuna wannan.

Sai Sanda ya ce, "Nan ta ɗauka. Na sayi wani bijimi a kasuwa shekaran bara, ban san asalinshi ba. Ya ba ni saniya lafiya, ni na ɓata mishi ita."

Sadiƙ ya ce, "Rufa mini baki. Uwarta ta taɓa ɓari a hannuna, na ce rana ce ta buge ta. Daga gidana ta taho da ita."

"Wallahi bijimina ne."

"Bijiminka da ko tsayuwa bai iya ba?"

Suka yi ta yi har murya ta fara tashi. Maigari ya ce tun da yake sasanta mutane bai taɓa ganin ana rigima kan wa zai ɗauki laifi ba, su yi shiru.

Na faɗa musu abin da ya rage: ba ta iya komawa cikin garken Keita, ba ta kuma iya zama cikin na nan. Na ce ana iya ware ta a jira tabbacin Yamai. Sadiƙ ya ce ya gani da idonsa, ga kuma gwiwa, ba zai bar ta tana sha daban kamar bare ba. Ya aika a kira mahauci. Na tsaya aka yi komai da safar hannu, aka binne abin da ya kamata a binne. Sanda bai je wurin ba, ya tafi cikin shanu bai dawo ba sai la'asar. Maigari ya ce waɗanda ba su nuna cutar ba su dawo tabki, sauran a ɗebo musu ruwa.

Kason Yamai na cikin gilasiyar. Injin kuwa ba zai dawo yanzu ba, ku yi haƙuri. Ku aiko mini da kwalabe da yawa da ƙarin maganin awo, ku kuma yi wa abokin aikinmu na Keita magana, don zan je can mu yi aikin tare kafin garken Sadiƙ ya tashi. Ku ce wa Aƙilu hannun har yanzu yana ɗan zamewa.

Dalilin tafiyar ga shi. Da Sadiƙ zai hau hanya ya naɗe igiyar Saige, mutane na kallo su ga ko zai sa ta a jakarsa. Ya miƙa wa Sanda. Ya ce, "Uku na ce maka, ko ɗaya ba ka samu ba. Akwai wata karsana, riƙe wannan kafin ta zo." Sannan ya nuna injin da haɓarsa ya ce mini, "Amma sai an juya jininta cikin tukunyar ga, ita da garken duka. Ni mai su na yarda."

Na ce masa ana iya samun ita ma tana da cutar, kuma ko ta fito ba komai sai an sake aunawa. Ya ce to sai a duba wata.

Da na biya ta rugar yau da safe na ga igiyar rataye a turken da Saige ke kwana. Maimuna ta ce ta so ta ɗaure maraƙi da ita, Sanda ya hana.

Ku gaida Inna.

Ɗiyarku,
Najiba